Alkawarin Ranar Cika-Ciki

Maigidana yana da wata al'ada da ban ga kowa da ita ba a Gashuwa. Ranar cika-ciki, in an sauke tuwo da miyar busasshen naman layya, sai ya ci ya yi nak, ya wanke hannu, ya jingina da bango ya fara zayyano abin da zai yi a sabuwar shekara. Wai haka mahaifinsa yake yi tun suna Haɗeja. Bana zai sa a yashe rijiya, zai yaɓe katanga kafin damina. Kuma ba ya saɓawa, ko ana ha-maza-ha-mata sai an yi.

Alkawari ɗaya ne yake bari sai ƙarshe, ya faɗe shi ƙasa-ƙasa: zai je asibiti a Nguru a duba masa ciwon bayan nan da ke damunsa. Tun zamanin mulkin soja yake faɗin haka, har wayar hannu ta shigo gari bai je ba. Abin haushin, fataucin bandar kifi yake yi, duk mako yana kasuwar Nguru. Ta ƙofar asibitin ma yake wucewa, sai dai ya sayi ƙwayar kashe ciwo wajen masu talla ya kora da ruwa.

A shekarun nan unguwarmu ta fara yawan zaman makoki. Telan bakin layinmu ya tafi, sai wata matashiya mai jego. Ba mai son ambaton ƙoda, sai a ce ciwon nan ne. Duk wanda ya kama, kumburi yake fara yi.

Sai maigida ya soma yin jiki. Abokansa suka yi ta taya shi murna, wai kasuwa ta karɓe shi. Yayarsa ta zo daga Jajimaji tana shi mini albarka, wai na iya kiwon miji. Kamar in rufe ta da faɗa. Ni nake ganin idonsa da safe a kumbure, ni na ga ya ajiye takalminsa sau-ciki ya koma silifa. Tsoro nake ji, tsoro sosai, ga shi kowa dariya yake yi.

Cika-cikin shekarar ya zo. Mu dai mun taso ana cewa wanda bai ƙoshi ba ranar, da yunwa zai ƙare shekara. Mutumin da ke sharce kwano ya yi loma kaɗan ya ture, wai naman ƙarni yake masa. Duk da haka ya jingina ya fara: bana zai sa siminti a tsakar gida.

Na katse shi. "Maigida, bana ba siminti, ba katanga. Nguru za mu, ƙafata ƙafarka."

"Ke dai ba kya son ki ga mutum ya murmure," in ji shi.

Na ce in bai shirya ba, kawunsa zan kai wa ƙara, in faɗi komai har kumfar fitsarin da yake ɓoyewa. Ba don yana so ba ya shirya, muka kama hanyar Nguru.

Likitan Nguru yaro ne, bai kai ƙanena ba. Ya sa maigida ya ɗage wando, ya danna masa yatsa a ƙwauri. Da ya ɗauke, wurin ya loɓa kamar tuwo, ya ƙi tasowa. Tun kafin mu faɗi inda muka fito, sai likitan ya ce:

"Daga Gashuwa kuke, ko?"

Na ce e. Maigida ya tambaya ko za a gama da wuri, don yana son mu sami motar yamma.

Likitan bai dube shi ba, ni ya duba. "Hajiya, ki aika gida a kawo muku tabarma da kayan sawa."