Baƙuwar Kawu Mainassara

Kawu Mainassara yayan innarmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. An haife shi a Rumbu, amma tun yana saurayi ya dawo Dakoro, kuma gidansa bango ɗaya ne da namu. Sana'arsa kora. Idan fatake suka sayi shanu ranar kasuwa, shi ke bin su a ƙasa da sanda har kasuwannin Najeriya, ya dawo da masara da atamfa da kalanzir a bayan jaki. Ya yi shekara talatin yana wannan hawa da gangara kafin manyan motocin kaya, kamyo, su karɓe aikin. Bai yi katin shaida ba sai da gemunsa ya fara fari. Idan aka yi masa maganar, sai ya ce kowace rijiya daga nan har Jibiya ta san fuskarsa, mi takarda za ta ƙara?

A duk tafiyar nan gida ɗaya yake sauka idan ya ƙetare iyaka, gidan Malam Yusufu, wani manomi mai shanu a ƙauyen farko na ɓangaren Najeriya. Ba dangi ba ne. Ruwa Kawu ya roƙa a ƙofar gidansa wata rana, daga nan abota ta kama.

Shekarar da rani ya yi tsawo har dabbobi suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya, Kawu ya rasa 'yan shanun da ya tara duka, sai igiyoyi suka rage a garke. Bai gaya wa kowa a Najeriya ba. Amma labari ya isa, kuma da damina ta sauka sai ga Malam Yusufu a Dakoro da karsana ja mai farin goshi. Ya miƙa wa Kawu igiyarta a gaban mutane a ƙofar masallaci, ya ce habbanaye ce.

Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'ada ce da muka koya daga maƙwabtanmu Fulani. Mutum ya ba abokinsa saniya ya riƙe. Ya sha nononta, 'ya'yan da ta haifa har uku nasa ne. Idan an yaye na uku, sai ya mayar da uwar ga mai ita, da rana, a gaban shaidu, igiya daga hannu zuwa hannu kamar yadda ta zo. Ba kyauta ba ce, ba kuma sadaka ba. Wanda aka ba yana nan da girmansa, domin an san zai mayar.

Kawu ya sa mata suna Baƙuwa. Matarsa, Inna Mata, ta ce wannan wane irin suna ne ga saniya. Ya ce don kada wani a gidan nan ya manta cewa wata rana za ta tafi. Kunnenta na hagu yana da tsaga biyu, shaidar gidan Malam Yusufu, kuma Kawu bai taɓa barin a ƙara mata tasa ba.

Baƙuwa ta yi shekara shida a wurinmu. Ta haifi mace, ta haifi namiji, ta sake haifar mace. Ta ukun tana gab da yaye sai aka yi juyin mulki a Yamai, a daminar 2023. Kafin mu ankara an rufe iyaka. Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, kuma kowace safiya rediyo na maganar cewa Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, za ta turo sojoji. Fataken Najeriya suka daina zuwa kasuwar Dakoro. Mutum ya kawo rago da safe, ya koma da shi da yamma. A bakin tasha kuwa babu hira sai ta yaƙi, har waɗanda ba su taɓa riƙe komai ba sai hauya suna tsara yadda za a tare hanya.

Akwai wani dillali maƙwabcinmu, Yazidu, tsaran Kawu ne, kullum rediyo na rataye a kafaɗarsa. Wata la'asar ya shigo ya tarar Kawu yana tufka sabuwar igiya.

"Mainassara, igiyar mi ka ke yi?"

"Ta Baƙuwa. An yaye ɗiyarta, gida za ta."

Yazidu ya kashe rediyo. "Wane gida? Mutanen da sunka kashe mana wuta, sunka ɗaura ɗamarar zuwa su harbe mu, su za ka kai ma saniya? Riƙe abinka, ganima ce."

"Yusufu ya kashe maka wuta?"

"Ƙasarsu ce."

"To ka tahi ka riƙe ma ƙasarsu saniya, in ta taɓa ba ka. Ni Yusufu ya ba ni."

Yazidu ya ce zamani ya sake, yanzu kowa ya san nasa. Kawu ya tuna masa cewa ɗan ƙanensa, shi Yazidu, ya yi shekara biyu a Diffa yana yaƙi kafaɗa da kafaɗa da sojojin Najeriya, har ya dawo yana ba da labarin tukunya ɗaya da suke ci. "Jiya abokai, yau abokan gaba, gobe manya su zamna cikin sanyin ɗaki su sha shayi. Tun ina kora ma an ruhe iyakar nan, an buɗe. Ni ban iya sake magana kamar riga."

Abin da ya fi ɓata wa Kawu rai ba daga Yazidu ya fito ba. Daga Malam Yusufu ya fito. Saƙon muryarsa ta talhona yake shigowa, don na Kawu ƙaramin nan ne mai maɓalli. Na kunna masa muna zaune a tsakar gida. Bayan doguwar gaisuwa, Malam Yusufu ya ce ya ji an yaye maraƙa, amma kada Mainassara ya wahalar da kansa. Hanya ba kyau, hukuma ta hana. Ya riƙe saniyar, ya yafe masa ita duniya da lahira.

Inna Mata ta ce alhamdulillahi. Kawu ya sa na sake kunnawa. Sannan ya ce, "Naja, danna ki ɗauki muryata."

Na danna.

"Yusufu, ni ka ke ce ma ka yahe? Mi na yi maka? Ka zo ƙohwar masallaci gaban mutane ka ce habbanaye, yanzu ka maida ta sadaka ta cikin talho? Ni ban roƙe ka ba. Ka gyara turke, Baƙuwa na tahe."

Inna Mata ta ce, "Malam, mutum ya yi maka alheri kana yi mashi faɗa?" Ya ce idan ya riƙe saniyar nan, daga yau shi ba abokin Yusufu ba ne, wanda Yusufu ya tausaya wa ne, kuma ba zai ƙara iya zama tabarma ɗaya da shi ba. Ta ce to gwiwarka fa? Ya ce gwiwar ta san hanya.

Ya tashi bayan sallar asuba, farkon kaka, da goran ruwa da garin fura a jaka. Masu kamyo ba su ɗaukar dabba zuwa kudu a lokacin, shi ma bai nema ba. Ya bi burtali, domin gero na tsaye a gona kuma ba ya son Baƙuwa ta ja masa faɗa da manoma. A Sabon Maci wani ya tambaye shi ko sayarwa ce, ya ce rakiya ce. Kwana tara ya yi kafin ya hango shingen iyaka da dogon layin kamyo da suka yi wata biyu a tsaye, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu.

Abin da ya faru a can, daga bakinsa na ji, na kuma ji daga wani direba ɗan Dakoro da ke cikin layin, kuma maganarsu ta zo ɗaya.

Babban masu tsaron wurin wani soja ne mai muƙamin ajidan, dogo, mai furfura a saje. Ya dubi Kawu, ya dubi saniya, ya ce, "Tsoho, ina zuwa?"

"Rakiya. Wannan 'yar Najeriya ce, ta gama baƙunta, za ta koma gida."

Sojojin suka fashe da dariya. Wani ya ce to ta hiddo faspo. Kawu ya kama kunnen Baƙuwa ya nuna musu tsaga biyun, ya ce ga shi nan, tun tana maraƙa aka buga mata. Ya yi wa ajidan bayanin habbanaye daga farko har ƙarshe. Ajidan ya saurara, ya ce ya sani, shi ma ɗan ƙauye ne, amma oda oda ce: ba dabbar da za ta fita.

Kafin azahar wasu masu babur suka same shi a gefe. Suka ce akwai hanyar daji, su ke bi da buhuna da jarkoki, za su ƙetarar da ita ba wanda ya gani. Kawu ya ce abin da ba ya so ke nan, a ce ba wanda ya gani. Saniyar nan da rana ta shigo Nijar, ba sato ta aka yi ba, kuma ba za ta fita kamar kayan ɓarawo ba.

Sai ya ɗaure ta a gindin wani gawo da ke fuskantar shingen, ya shimfiɗa buzunsa. Kullum da safe sai ya je ya gai da ajidan, ya ce, "Ranka shi daɗe, an buɗe?" Ajidan ya ce ba a buɗe ba. Kawu ya ce to madalla, ya koma ya yanko wa Baƙuwa ciyawa. Direbobi suka sa masa suna Jakada. Mai sayar da fura ta riƙa kawo masa ba ya tambaya. Ran kwana na uku ajidan ya ce zai sa a kore shi. Kawu ya ce gawon nan na Nijar ne, shi ma ɗan Nijar ne, ina za a kore shi ya tafi, Najeriya?

Ran kwana na biyar, da hantsi, ajidan ya tako da kansa har gindin gawon. Ya tsaya yana kallon wani wuri daban, ya ce, "Tsoho, saniyar nan taka ba ta jin ƙishirwa? Akwai tabki can gabas, bayan gonakin dawa. Shanun ƙauyen nan da na wancan ƙauyen duk nan suke sha tun kakanni. Ni ba a ba ni oda kan shan ruwa ba."

Kowa ya gane. Direban nan ɗan garinmu ya ce shi har ya fara murna. Kawu kuwa ya ce, "Na gode. Sai ka zo mu tahi tare."

"In zo in yi mi?"

"Shaida. Ba a maida habbanaye sai da shaidu, kuma kai ne babba a wurin nan."

Ajidan ya riƙe baki. "Kai tsoho, ina ruhe ido kana buɗe mani da yatsa?"

"To bari in zamna. Ciyawa ba ta ƙare ba."

Ajidan ya tafi yana faɗa shi kaɗai. Bayan sallar azahar ya dawo, ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya ce shi ma ƙafarsa ta sage, zai ɗan taka.

An riga an aika wa Malam Yusufu. Suka tarar da shi tsaye a ɗaya gaɓar tabkin da dattawa biyu. Kawu ya ce da ƙyar ya gane shi don rama. Ya naɗe wando ya shiga ruwan da Baƙuwa, Malam Yusufu ma ya shigo, suka haɗu inda ruwa ya kai gwiwa. Ajidan ya tsaya a bakin gaɓa ya juya musu baya.

Malam Yusufu ya ce, "Mainassara, har yanzu kanka bai yi laushi ba."

"Kai kuma har yanzu ba ka iya magana ba. Yahewa! Karɓi igiyarka. Ta haihu uku, na gode, Allah shi saka."

Malam Yusufu ya karɓa. Ɗaya daga cikin dattawan ne ya faɗi abin da shi ya ɓoye: wata huɗu da suka wuce ɓarayin daji sun kore garken Malam Yusufu kaf, ko maraƙi ba su bari ba. Malam Yusufu ya ce a riƙe Baƙuwa ne don kunyar kada abokinsa ya zo ya ga turaku babu komai. Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kama hannunsa ya ɗora a kan cikin saniyar, ya ce, "Taɓa nan. Ciki gare ta, na huɗu ne, wannan naka ne."

Ya ɗaga murya ya ce, "Ajidan, ka shaida?"

Ajidan bai juyo ba. Ya ce, "Ban ga komi ba. Amma na ji."

Kawu ya ce ji ma shaida ne, ya fito daga ruwa.

Ya dawo Dakoro a bayan wata mota da gwiwa kumbure, ya yi sati uku bai fita masallaci ba. Yazidu ya zo duba shi, ya zauna ya ji labarin, bai kunna rediyo ba ranar. Da aka buɗe iyaka bayan 'yan watanni, mutane suka yi ta murna a tasha. Kawu ya ce shi bai san an rufe ba.

Yanzu shekarunsa sun kusa saba'in kuma ba ya tafiya mai nisa. Babbar ɗiyar Baƙuwa ta haifi karsana ja, ya sa an yi mata tsagar gidanmu a kunnen dama, kuma ya hana Inna Mata sa mata ido. Ya sa na aika wa Malam Yusufu saƙo cewa idan ta isa, habbanaye ce, ya zo ƙofar masallaci ya karɓa. Malam Yusufu ya amsa cewa zai zo, amma a gaya wa Mainassara kada ya kuskura ya ce masa ya yafe.