Marin da Malam Mika'ilu Ya Sha

Duk wanda ya yi karatu a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, can bayan Bunkure, ya san Malam Mika'ilu mai usur. Ni Hausa nake koyarwa, shi kuma wasanni. Mun daɗe muna cin kwano ɗaya, muna musu a kan komai. Gajere ne, ga tumbi, har nakan ce masa ban taɓa ganin malamin guje-guje da ba zai iya kamo akuya ba. Sai ya hura mini usur a fuska ya wuce abinsa.

Filin ƙwallonmu a lokacin gonar shinkafa ce da ake ara mana in an gama girbi. Ƙasa ta bushe ta daddare, yara ba takalmi, kullum sai an fasa yatsa. Amma ina kewar yammacin nan ƙwarai: injinan ban-ruwa na ta ƙugi, 'yan mata na shewa a bakin kanal, hanyar ruwan gonaki.

Mutanenmu kuwa kowa likita ne. In yaro ya yanke, wani manomi zai kawo baƙin man inji ya shafa masa. In ya suma, a murza masa albasa a hanci. In ya faɗi, a ciccibe shi, a ja masa wuya har sai ya yi ƙara. Malam Mika'ilu ya taɓa zuwa kwas ɗin taimakon gaggawa a Kano, ya dawo da akwatin auduga da bandeji, da kuma taurin kai. Ciwo, a wanke da ruwa mai tsabta, ba na kanal ba, a danne har jini ya tsaya. Babbar dokarsa kuma, wanda ya bugu a kai ko wuya ba a ɗaga shi. Manoma suka laƙaba masa Dakta Kar-a-taɓa, ni ma na taya su.

Wata shekara muna wasa da wata makaranta daga Kura, golanmu Mudassiru ya yi tsalle, suka yi karo da wani, ya sauko ta ka. Yana kwance yana cewa wuyansa, yatsunsa kuma kamar ana tsira musu allura. Ranar na ga Malam ya yi gudu. Ya durƙusa ya riƙe kan yaron da tafin hannu biyu, ya ce a ciro ƙofar aji a yi shimfiɗa da ita, a nemo mota.

Sai ga Baballe, mahaifin yaron, daga gonar tumatir, hankalinsa a tashe. Ya ce a ɗora masa ɗansa a babur ya kai wa maɗori, yanzu za a ja wuyan ya koma daidai. Jama'a suka goyi bayansa. Malam ya ce Allah ya ba shi haƙuri, in aka motsa wuyan nan yaron zai iya rasa ƙafafunsa.

"Malam, ɗanka ne ko ɗana?"

"Naka ne, Baballe. Amma ba zan saki ba."

Baballe ya ɗauke shi da mari. Hular Malam ta faɗi, hawaye ya zubo masa, hannuwansa kuwa ko motsi. Haka ya riƙe kan nan a bayan wata motar tumatir har asibiti a Kano. Likitoci suka ce ƙashin wuyan ya tsage, saura kaɗan ya taɓa laka.

Mudassiru ya yi watanni da abin tallafe wuya, ya warke sarai. Yanzu magidanci ne, buhun shinkafa yake ɗauka a wani injin casa a Kura. Baballe har ya rasu bai iya buɗe baki ya nemi gafara ba, amma bai ƙara wuce Malam a kan babur ba, sai ya sauko ya gaishe shi.

Kunnen Malam na hagu bai sake ji ba tun daga ranar. Kwanan baya na je duba shi, ya tsufa, tumbin ma ya tafi. Na zauna ta damansa, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: ya ga marin na zuwa, me ya hana shi karewa?

Ya yi dariya ya ce, "Da wane hannun? Biyu gare ni, duka suna aiki."