Baba Na'Allah, na tuna sunan tashar

Ranar Talata tara ga Rajab, Allah ya karɓi abinsa. Mahaifina Malam Na'Allah ya rasu a gidansa na Bodinga, ni kuwa ina Kaduna, a layin masu jiran ganawar ɗaukar aiki. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Baba, ka ƙare ƙuruciyarka a tashar lantarki, ka dawo gida da kunne guda mai ji da burin ganin 'yarka injiniya. Na san aikin, amma Turanci kan sarƙe mini a gaban manya. Sai ka mai da tsakar gida aji. In tukunyar Inna ta tafasa, murfi na rawa, ka ce wannan ce tamal, tashar tururi. Ka kai ni madatsar ruwan Shagari don kawai in ce haidiro, tashar ruwa, da bakina. Albasar da aka shanya kuwa sola ce. Guda ɗaya ke kufce mini kullum, jiyotamal, mai aiki da zafin ƙarƙashin ƙasa. Har ka kan tsokane ni da ita gaban baƙi.

Da ranar ganawa ta matso, numfashinka ya riga ya yi nauyi. Na ce na fasa tafiya. Ka fusata, ka ce, "Hajjo, mi za ki yi man nan? Tahi. In kin zamna, wahalata ta tashi banza."

Na tafi zuciyata na gida. Kafin a kira sunana na buga waya. Yayana Husaini ya ɗaga ya ce, "Barci shi kai, shiga abinki." A bayansa na jiyo muryoyin mata da yawa, fiye da na gidanmu. Na so in tambaya, na ji tsoron amsar, na shiga.

Na iso gida an riga an kai ka makwanci. Inna ta ce kai ka hana a gaya mini, kuma kusan ƙarshen maganarka kafin shahada ita ce, "Ko ta tuna waccan ta ƙasa?"

Sun tambaye ni ita, Baba. Na tuna, kuma sun ɗauke ni. Kewarka ta hana ni murna.

Ina yi wa Inna da Husaini da dangi na garin Sifawa ta'aziyya. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sanyaya ƙasar da kake kwance a ciki.