Na Saci Maganin Tsohuwar da Nake Jinya

Salamu alaikum jama'a. Wata goma sha ɗaya ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na koma Damagaram da masu cewa na yi aure a ɓoye, duk ku huta. Jinya na yi, kuma ba zazzaɓi ba ne. Ƙwaya ce.

Eh, ni Zainabu, mai yi muku wa'azi a ƙarƙashin kowane hoto.

Aikina a Paris kula da tsofaffi ne a gidajensu. Shekara huɗu ina wurin wata Bayahudiya a unguwar Belleville, Madam Estar, 'yar asalin Tunisiya, mai shekara tamanin da uku. Garin ɗaga ta daga wanka bayana ya riƙe. Likita ya rubuta mini tramadol na kwana goma. Kwanakin suka ƙare, ni ban daina ba.

Madam ma irinsa take sha saboda ciwon ƙugu. Na fara zarar ɗaya daga nata, sai biyu, sai abin ya wuce lissafi. Ina kallonta tana cije leɓe, ina ce mata "Sannu Mama," maganinta kuwa yana cikin jakata.

Wata Asabar da hantsi ina sharar kicin na yanke jiki na faɗi, ina shure-shure, kumfa a baki. A addininsu ba a taɓa waya ranar Asabar, kuma ban taɓa ganin ta karya wannan doka ba. Ranar nan ita ta ja jiki ta kira motar asibiti. Da na tambaye ta daga baya, cewa ta yi, "A wurinmu rai ya fi Asabar."

Aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton kaina, aka auna zuciya. Wata likita ta ja kujera ta ce, "Ba farfaɗiya gare ki ba. Guda nawa kike sha a rana?" Na yi ƙarya. Ta ajiye takardar jinin a cinyata ta ce, "Da kin ƙara kaɗan, da ba mu yi wannan hira ba."

Wallahi ba mutuwar ce ta fi firgita ni ba. Tsorona kada Madam ta gano satar, a kira 'yan sanda, takardun zamana a ƙasar su tashi, labari ya riga ni isa Damagaram.

An samo mini gado a wata cibiyar masu barin ƙwaya a Lyon, kusa da yayana Malam Sani da ke aikin masana'anta a Saint-Fons. Inshora ta ɗauki nauyi. Sati biyun farko ba na fatan su ko ga maƙiyina: gumi, amai, gudawa, ƙafafu sun ƙi tsayawa wuri ɗaya.

A nan mamaki ya kashe ni. Madam tana da maƙwabci, Musyu Albert, Bayahude ne amma ko wurin ibadarsu ba ya leƙawa, kullum cikin musu suke kamar kaza da kyankyaso. Shi ta sa ya buga wa 'yan'uwansu Yahudawan Lyon waya. Waya ɗaya tak. Daga ranar ban ƙara kwana uku ba baƙo ba. Yau matar malaminsu a rufe ruf, gobe wata mai wando da sigari a aljihu. A kan addini ba sa jituwa, amma miya ba ta taɓa makara ba.

Akwai wani David da yake raka ni taron masu fama irin nawa. Shi giya ce ta kusa halaka shi, shekara tara ke nan da bari. Na yi masa godiya, ya ce, "Ba don ke kaɗai ba ne. Ranar da na daina yi wa wani hidima, ranar zan koma kwalba."

Yayana ya ja ni gefe ya ce, "Ke Zainabu, me kika yi wa mutanen nan haka?" Me zan ce, sata na yi musu? Kowace loma tasu da kunya nake haɗiye ta.

Ana saura kwana biyu babban azuminsu, sai ga Madam a keken guragu, Musyu Albert yana tura ta, sun biyo jirgin ƙasa tun daga Paris. Na ce yau ko za a ɗaure ni sai na faɗa. Na durƙusa na fara, ta katse ni.

"Na sani, 'yata. Tun farko na sani. Mu kafin azumin nan dole mutum ya nemi gafarar wanda ya cuta, shi ya kawo ni. Na ga kina ɗauka na yi shiru, don kada a kore ki a kawo mini baƙuwa. Na zaɓi jin daɗina, na bar ki kina mutuwa a gabana. Ki yafe mini."

Jama'a, ku ji fa. Ni ɓarauniya, ni ake roƙo. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, na ce ni ce mai neman gafara. Musyu Albert ya ce mu yafe wa juna da sauri, jirgi ba ya jiran masu kuka.

Da bakina na gaya wa shugabannin kamfanin da nake wa aiki gaskiya, suka sallame ni, ban ga laifinsu ba. Wata bakwai ke nan ƙwaya ba ta shiga bakina ba. Duk Alhamis ina rabon abinci tare da su David.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci, da yayana da matarsa, da mutanen da ban haɗa komai da su ba.

Mai shan ƙwaya, kada ka yanke ta rana ɗaya kai kaɗai, akwai haɗari, je wurin likita ka faɗi adadin gaskiya. Mai tsoho a gida, ka kulle magani. Kai kuma da ka gani ka kawar da kai don gudun ɓacin rai, ka yi magana yau, ko zai daina gaishe ka. Gara ya yi fushi da kai yana da rai.