Sawun Barewa da Sunan Yaya Sale

Mu a unguwar Hindawiyya ta Jidda muka tashi, zamanin da gidajen layinmu duk na kwano ne da katakon akwati, ruwa kuwa a garwa ake kawo shi. Gidanmu ɗaki biyu ne da tsakar gida wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. A tsakar gidan nan kakata, mahaifiyar Babanmu, take suyar gyaɗa kullum bayan magariba, don ta kai bakin kasuwa da safe. Takan hura gawayi, ta ɗora kasko da yashi a ciki, ta zauna a 'yar kujerarta. Jidda ba garin jin ɗumi ba ne. Zafi ya ishe mu, danshin teku ya manne mana riga a baya. Duk da haka mukan kewaye wutar nan, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta, domin sai a gaban wuta bakin Kaka yake buɗewa da tatsuniya.

Takan buga ludayi a bakin kasko ta ce, "Ga wata ta sauka a ƙofa, da ƙurar hanya a ƙafarta." Mu kuma mu ce, "Ta shigo a ba ta ruwa." Daga nan babu mai tari.

Da ƙafa Kaka ta zo ƙasar nan, daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja. Suna tafe suna tsayawa, a yi noma nan, a tsinki auduga can, har ta haifi Babanmu a Sudan kafin su ƙetaro teku. Hajji suka zo yi. Mijinta ya rasu bayan an sauko daga Arfa, ita kuma ta zauna da ɗanta, amma ba ta taɓa cewa ta zauna ba. Komai za a yi sai ta ce, "A bari sai mun koma gida."

Yayana Sale shi ne babba a ɗakinmu, ya girme ni da shekara tara. Shi ne mai tsaron gida na kulob ɗin ƙwallon da mutanen unguwarmu suke mutuwar so. Dogo ne, hannuwansa kamar faifai. Kaka takan tsokane shi in ya dawo daga fili da ƙasa a gwiwa, ta ce, "Ga mijina nan mai kama iska. Yau me ka kamo mini?" Shi kuma ya ce, "Ke dai tsohuwa, ba ni gyaɗa, kafin in sake ki in auri 'yar unguwar Bagdadiyya."

A bayan dangar kwanonmu mirkaz yake, wato dogayen kujerun igiya inda mazan unguwa suke zama shan shayi. Duk abin da aka faɗa a can, a kunnenmu ake faɗarsa. In zafi ya tsananta akan ajiye ƙwallo wata biyu ko uku, a lokacin ne manyan kulob suke zaɓen waɗanda za a riƙe da waɗanda za a sallama, su kafe takardar sunaye a ƙofa. To, watannin nan su ne kakar gardama a mirkaz. Mutum biyu ne suka fi kowa murya, waɗanda muke kira Ammu, wato baffa: Ammu Garba mai tsire da Ammu Tanko wanzami.

"A sallami Mabruk, halas, shi ke nan," in ji Ammu Tanko. "Ya yi ƙiba. In zai juya, kamar jirgin alhazai ne yake neman wurin tsayawa."

"Mabruk ɗin da ya ci mana biyu bara?"

"Ɗaya da gwiwa ta buge shi, bai ma san ta shiga ba. Kai Garba me ka sani a ƙwallo? Kai dai juya tsirenka."

"Ni da nake juya nama na fi ka sanin wanda ya dahu. Kai ko kan mutum ba ka iya daidaitawa, dubi ƙeyar Isa."

Sai a yi dariya, a kawo takardar naɗe tsire, wani mai ɗan karatu ya rubuta sunaye goma sha ɗaya. A soke, a sake. A ɗauko wani yaro daga Makka da aka ce yana gudu kamar zomo, a saka shi, gobe a cire shi. Cikinsu babu wanda ya taɓa taka ofishin kulob ɗin, mai gadi ma bai san fuskarsu ba. Amma in ka ji su sai ka rantse alƙalamin yana aljihunsu. Suna ɗaya ne ba a taɓa gardama a kansa ba, shi ake fara rubutawa a sama: Sale.

A shekarar da nake ba da labari, ina da kamar shekara goma, wata magana ta shigo unguwa. Aka ce kulob zai shiga babbar gasa, kuma manya sun ce duk sunan da za a rubuta sai da tabi'iyya, takardar ɗan ƙasa. Iƙama ba ta isa ba. Mu kuwa gidanmu iƙama ce da mu, takardar baƙo, daga Babanmu har autanmu.

"Wa zai taɓa Sale?" in ji Ammu Tanko. "A layin nan aka haife shi. Ni na yi masa askin suna da hannun nan."

"Ya shekh, aski ba takarda ba ne."

"To su zo su dubi kansa."

Wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba. Kwana da kwanaki suna juya maganar. Wannan ya ce ya san direban wani babba, wancan ya ce surukinsa yana kai ƙanƙara gidan ma'ajin kulob. A ƙarshe suka sa aka rubuta musu takardar roƙo, kowa ya dangwala yatsa a ƙasa, Ammu Garba ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya kai. Mai gadi ya karɓa ta tagar ƙofa ya ce masa, "Bukra, in sha Allahu," wato gobe. Goben nan ba ta zo ba. Yaya Sale dai kullum bayan la'asar sai ya ɗauki takalmansa ya tafi fili shi kaɗai, ya yi ta faɗuwa dama da hagu a kan yashi, wai kada jiki ya mutu.

Kaka tana jin duk wannan ta bayan danga. Ta daina tsokanar mijinta. Sau biyu gyaɗa ta ƙone a hannunta, abin da ban taɓa gani ba.

Ana gobe za a kafe takarda, muka zauna kamar kullum. Yaya Sale ba ya tsakar gida, mun ɗauka ya fita. Kaka ta buga ludayi, muka amsa, sannan ta daɗe tana juya yashi kafin ta fara.

Ta ce a wani zamani fari ya kori namun daji daga ƙasashensu, suka yi ta tafiya har suka iso wani babban tafki. Tafkin ya ce musu, "Ku sha, ban hana kowa ba. Amma ga laka nan ɗanya a bakina. Duk mai son in san shi, in san 'ya'yansa, ya taka ya bar sawu." Giwa ta taka. Ɓauna ta taka. Bushiya ma ta lallaɓa ta ɗora 'yar ƙafarta. Barewa kuwa ta tsaya daga nesa ta ce, "Ni wucewa nake yi. Muna da namu ruwan a gida, ya fi wannan zaƙi. In na bar sawuna a nan, ruwan gida zai ce bai san ni ba." Ɗanta ya ɗaga ƙafa zai taka, ta janye shi.

"Ba mugunta ta yi ba," in ji Kaka, ba ta kalli kowa ba. "Ku riƙe wannan. Ita dai gida take so."

Ta ce damina ta zo ta wuce, barewa ta ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ƙafa ta yi nauyi, hanya ta yi tsawo, waɗanda suka san hanyar suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Rana kuwa ta yi ta dukan lakar nan har ta zama dutse. Ɗan barewa ya haihu a bakin tafkin. Jikan ya tashi bai san wani ruwa ba sai wannan, kuma duk dajin babu mai tsallensa. Ran nan ya sunkuya zai sha, sai ruwa ya ja da baya ya ce, "Ina sawun gidanku?" Ya duba, ga na giwa, ga na ɓauna, ga na bushiya. Ya sa kofato ya yi ta kartar dutse, ya karta har jini ya fito, dutse bai karɓa ba.

"Shi ya sa har yau in kun ga barewa ta tsaya, za ku ga tana kartar ƙasa da ƙafa."

Ƙanena ya ce, "Kaka, sai tsohuwar barewar ta yi yaya?"

"Tana tsaye tana kallo."

"Ba ta je ta roƙi tafkin ba?"

"Da wane baki?"

Muka jira Gizo ya fito da wata dabara, domin a tatsuniyoyin Kaka kullum akwai mai dabara. Babu wanda ya fito. Ta sauke kasko ta ce, "Baƙuwa ta sha ruwanta, ta kama hanya. Yalla, ku tashi." Ranar ko gyaɗa mai ɗumi da takan zuba mana a tafin hannu ta manta.

Washegari bayan la'asar Yaya Sale ya shigo, takalmansa a rataye a wuya. Ya wanke ƙafa ya shiga ɗaki. Daga mirkaz muka ji sauran. Babu sunansa a takardar. An rubuta Hamza, ɗan maƙwabcinmu, wanda shekara uku yana zaune a gefen fili yana riƙe wa Yaya Sale butar ruwa. Mabruk mai ƙiba yana nan. Yaron Makka ma ba a kawo shi ba.

Mazan suka yi ta kurɓar shayi. Can Ammu Garba ya ce, "Hamza yaron kirki ne, amma hannunsa rariya ce."

"Hannun ubansa ne ya yi masa aiki," in ji Ammu Tanko. "Ina nan tsaye shekarar da masu rubuta mutane don ba da tabi'iyya suka shigo layin nan da tawadarsu. Uban Hamza ya dangwala. Uban Sale ya miƙa yatsa, uwarsa ta riƙe masa hannu, ta ce su baƙin Allah ne, gida za su koma."

"Rufe bakinka, Tanko. Tana ji."

Tana ji kuwa. Ina zaune kusa da gwiwarta. Na ɗaga kai na dube ta, ludayin bai tsaya ba, yana ta zagaya yashi. Babanmu yana kan buzunsa da carbi, kansa a sunkuye. Babu wanda ya tayar da maganar a gidanmu, a ranar ko bayanta. Ba a yi kwana uku ba mirkaz ya koma gardamar wa zai tsaya a baya, wa zai tsaya a gaba, aka ɗauko sabuwar takardar tsire.

Yaya Sale ya bi Babanmu tashar jiragen ruwa, ya yi dako har bayansa ya lanƙwashe. Daga baya shi ma ya sami gurbi a mirkaz, ya zama cikin masu cewa a riƙe wane, a sallami wane. Kaka ta ƙara shekara shida ta rasu a ɗakin kwanon nan. Shi ya riƙa ɗaukarta a baya zuwa asibiti, yana ce mata, "Kin yi nauyi, amarya, gyaɗar mutane kike cinyewa."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi: in laka tana ɗanya, ka taka. Haka na riƙa ba 'ya'yana ita. Sai da na tsufa, na ga abubuwan da ni ma na hana nawa saboda so, na ga inda hanin ya kai su, sannan na gane Kaka ba koyar da mu take yi ba a ranar. Me yara 'yan shekara goma za su yi da wannan darasi, bayan laka ta riga ta bushe? Gafara take nema. Ba ta iya neman ta a fili ba, sai ta sa wa barewa a baki. Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne, wanda ta yi dominsa ba ya wurin.

Shekarar da Yaya Sale zai rasu na je gaishe shi a gidan ɗansa a unguwar Safa. Yana kwance, ana ƙwallo a talabijin an kashe murya. Na ce, "Yaya, akwai wata tatsuniya da Kaka ta yi ana gobe za a kafe sunaye. Na so a ce ka ji ta."

Ya ce, "Ta barewa? Ina cikin ɗaki, a bayan ƙyaure. Ta san ina nan, ta ga takalmana."

"To me ya hana ka fitowa?"

Ya mai da ido kan masu gudu a talabijin.

"Da na fito, Ramlatu, da sai ta ajiye barewar ta faɗa mini da bakinta. Tsohuwar da ta tako daga Haɗeja da ƙafa. Ban so ta durƙusa mini ba."