Malam Ɗan'azumi, Mai Yi wa Rayayye Shaida

Da zarar ɗaliban jami'a sun dawo dogon hutu, ba a ƙara samun Malam Ɗan'azumi a gida da hantsi. Yana kurɓar kokonsa zai tayar da tsohon babur ɗinsa mai tari kamar mai mura, ya bar garin Sara. Yau yana Fagam, inda ɗalibai ke koya wa manoma auren mangwaro. Gobe yana Kiyako, inda 'yan mata 'yan jami'a ke yi wa yara darasin hutu kyauta. Ba ya koyarwa, ba ya tsawatawa. Gindin bishiya yake samu ya zauna ya zuba ido. In ka tambaye shi me yake yi, sai ya ce, “Shaida nake tarawa.” Malamin firamare ne, kuma uban ƙungiyar ɗaliban jami'a 'yan Gwaram da Birnin Kudu tun da aka yanke Jigawa daga Kano.

Abin ya samo asali ne daga Ikrima, ɗan Alhaji Barau mai hatsi a kasuwar Sara. A lokacin sabuwar jiha na neman ma'aikata ido rufe, duk gidan da ya samu mai digiri sai an yi walima, an yanka rago, an ɗaga takarda sama kowa ya gani. Alhaji Barau ya riga ya ɗaure ragonsa. Sai ga Ikrima ya dawo da sakamako mafi ƙasa, irin wanda ake ninkewa a tura ƙarƙashin katifa. Alhaji ya kwance rago ya mayar kasuwa. Ya daina zama majalisa, ya canza masallaci, ya daina amsa gaisuwar ɗansa. “Na tura shi karatu,” in ji shi, “ya je ya zama ɗan gyaran famfo.”

Ba ƙarya ya yi ba. A jami'a Ikrima ya shiga ƙungiyar ɗalibai masu fita ƙauyuka gyaran famfon tuƙa-tuƙa, har ya shugabance ta, amma babu layi ɗaya a takardarsa da ya ambaci haka. Da abin ya ishe shi, sai ya haɗa jakarsa, ya shaida wa mahaifiyarsa cewa zai tafi Kudu, kuma ba zai sake taka Sara ba.

Malam Ɗan'azumi ya tarar da Alhaji a zaure.

“Alhaji, a yi walimar nan ranar Juma'a. Kai dai ka shimfiɗa tabarma.”

“Malam, so kake a yi mini dariya a ƙofar gidana? Me zan ɗaga wa mutane?”

“Ba sai ka ɗaga komai ba.”

Alhaji ya yarda ne kawai don yana jin nauyin wanda ya koyar da 'ya'yansa duka. Bayan la'asar jama'a suka taru, wasu don addu'a, mafi yawa don ganin ƙwaƙwaf. Malam ya tsayar da Ikrima a tsakiya, ya yi tambayar da ba a saba ji ba sai gawa na kwance gaban liman: “Jama'a, wace shaida za ku yi masa?”

“Subhanallahi!” in ji wani dattijo. “Malam, yaron da ransa!”

“Na sani, Baba. Ran da ya mutu za ku yi masa. Ni so nake ya ji da kunnensa.”

Ashe Malam ya gayyato baƙinsa. Wani mai unguwa daga Fagam ya miƙe ya ce famfonsu ya daɗe a mace, matansu na jigilar ruwan rafi, sai Ikrima da abokansa suka zare bututun suka gyara, kuma bai tafi ba sai da ya koya wa samarin unguwar yadda za su yi da kansu. Dinatu, ma'aikaciyar jinya a yankin, ta tsaya daga gefe ta ce tun da ruwan ya dawo yara masu gudawa suka ragu a hannunta. Wannan na zama, wancan na tashi.

Kunyar da ta hana Alhaji Barau fita sai ta juyo kansa. A da kunyar mutane yake ji saboda ɗansa, yanzu kuwa kunyar ɗan nasa ce ta kama shi. Ya rufe fuska da hannun riga yana cewa, “Baƙi sun san ɗana, ni ban san shi ba.” Ya aika a kwance jakar. Ya aika a nemo ragon, aka ce ai wanda ya saya ya riga ya yi suna da shi. Ikrima bai tafi ba. Shi ne ya yi shekaru yana kula da rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan nan.

Daga nan ranar shaida ta zama al'adar ƙungiyar ɗaliban Gwaram da Birnin Kudu a ƙarshen kowane hutu. Amma Malam ya san shaidar baki ba ta shiga ofis. Ya dinga bin jami'o'in da yaranmu ke karatu yana roƙon a ba ɗalibi takarda ta biyu mai hatimi, wadda za ta faɗi aikin da ya yi da sana'ar da ya ƙware a kai bayan aji. Ya sha zaman benci a ƙofar ofis, ya sha jin cewa harkar ƙungiya wasa ce. Bai yi fushi ba, bai daina zuwa ba. A ƙarshe wata jami'a ta fara bayarwa. Ran bikin fara bayar da takardar an yi jawabai, an yabi masu manyan riguna, ba wanda ya ambaci sunansa. Yana can baya, ya fi kowa tafi. Mutanenmu na wurin, sun sani, suka yi shiru. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne duka.

A watan jiya, da ciwon gwiwa ya raba shi da babur, ya miƙa ƙungiyar ga Malama Khairiyya, ɗaya daga cikin 'yan matan darasin Kiyako na da. Ana shirin addu'ar tashi daga taron miƙa ƙungiyar, sai Ikrima, da furfura a gemunsa, ya kamo hannun Malam ya tsayar da shi. “Jama'a, wace shaida za ku yi masa?” Kowa ya sunkuyar da kai. Ba abin faɗa aka rasa ba. Kowa ya tuna cewa mutumin nan ya tsufa yana yi wa 'ya'yanmu abin da ba mu taɓa yi masa ba.

Alhaji Barau ne ya dogara sandarsa ya miƙe. “Ni ne farko. Bawan Allahn nan ya dawo mini da ɗana, ban taɓa ce masa sannu a gaban mutane ba.”

“Haba Alhaji, ku bari mana,” in ji Malam, yana neman wurin zama.

“Tsaya, Malam. Ka ji da kunnenka.”

To, Malam, ka ji. Kai ne ka ga yaro inda takarda ba ta gan shi ba. Kai ne inuwar da muka sha ba mu ɗaga kai mun dubi bishiyar ba. Mun makara, ka yafe mana. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwa lafiya.

Kai kuma mai karatu, akwai wani a unguwarku da ka tanadar wa kyakkyawar shaida. Kada ka ajiye ta sai an shimfiɗe shi. Je ka same shi yau, yana ji.