Koyon shiga kogon ruwa a Baiyun

Bakina ne ya ja mini. Akwai wani ɗan China da nake sarin riguna a shagonsa a kasuwar Canaan, can ƙasar China, muna ce masa laoban, wato maigida. Duk ranar hutu sai ya tafi nutso cikin kogon dutse da ruwa ya cika. Da ya nuna mini bidiyo a waya, na ce ai mu ma mun sha iyo a Kano. Ban yi ƙarya ba, sai dai a kududdufin bayan unguwarmu ne, ruwan iya ƙugu.

Ranar Lahadi ya ɗauke ni zuwa wani wurin koyo a unguwar Baiyun. Ƙaton tafki ne na siminti, an gina kogo a ƙasansa, ga injin da ke tura ruwa da ƙarfi. Malamar wata siririyar mata ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Sai da mutum biyu suka taru kafin tumbina ya shiga rigar roba, sannan aka goya mini tukunyar iska, aka sa mini tabarau na nutso da ya rufe ido da hanci.

Tana bayani, laoban yana fassara mini da guntun Turancinsa.

"Ta ce igiyar nan da aka shimfiɗa ita ce hanyar fita, kada ka sake ta. Ka shiga kana fuskantar ruwa, in ka gaji shi zai koro ka waje. Ka kwanta ƙasa-ƙasa, can ba ya gudu sosai, ka kama dutse ka ja jikinka. Ƙafa irin ta kwaɗo, don kada ka tayar da laka. Iskarka kuma kashi uku: na shiga, na fita, na ko-ta-kwana."

Na gyaɗa kai kamar na gane duka.

Muna sauka ta dube ni, na ɗaga mata babban yatsa, wato lafiya lau. Nan take ta cafke ni ta yi sama da ni. Muka koma, na sake ɗagawa, ta sake fito da ni. A na uku ne laoban ya ce, "Alhaji, a cikin ruwa wannan yatsan yana nufin a fita yanzu."

Da aka kunna injin, na manne da ƙasa ina jan jiki, dutse bayan dutse, har na kai tsakiyar kogon. Sai ruwa ya ɗan shiga tabarauna. Na saki igiya da dutse, na kai hannu biyu fuska. Ruwan ya ɗauke ni da baya, ƙafafu a gaba, na wuce malamar, na wuce laoban, na fito ta ƙofar da na shiga ina juyi kamar buhun auduga.

Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta ɗora a kan igiya, ta nuna mini yadda ake hura iska ta hanci a kori ruwan tabarau da hannu ɗaya. Lahadi huɗu na yi ina zuwa kafin na ratsa kogon har ƙarshe.

A ranar ne laoban ya ce saura kogon gaske, can cikin duwatsun arewacin lardin da muke. Na tambayi malamar ko na isa.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka isa ka zo ka tsare mana kaya a bakin ruwa."

Na je kuwa, na dafa musu shayi mai citta, suka fito suna rawar sanyi suka shanye.